Saƙon Sista

Cikina na da wata biyar lokacin da maigidana ya samu hutun shekara, ya ce mu tafi Ingila. Cikin fari ne. Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Sakkwato, shi kuma injiniya ne a masana'antar siminti ta Kalambaina, muna zaune a gidajen ma'aikata. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo, soja na mulki, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, masu keke suka koma babur, matan manyan ma'aikata kuma suka fara zuwa Landan sayayya kamar masu zuwa Kano. Ni ban taɓa wuce Kaduna ba. Shi ya yi shekara huɗu can yana karatu, yana so ya nuna mini inda ya zauna kafin goyo ya ɗaure mini ƙafa.

Da na je Ƙofar Atiku na gaya wa Inna, mahaifiyata, ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba. Ni da ita ba mu taɓa ambaton cikin ba, kuma ba za mu ambata ba.

"Mi za ki yi garin Nasara, ke da ba ki da lahiya?" ta ce.

Na ce likita ya yarda.

"To. Tunda likita ya yarda."

Ba likita ne ya fara yarda ba, Sista ce. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata. Mutuniyar Filato ce, Kirista, ungozoma a asibitin gwamnati, mijinta kuma babban makaniki ne a wurin aikin maigidana. Ta kusa sa'ar Inna. Ta fi shekara ashirin a Sakkwato amma Hausarta ta Jos ba ta motsa ba. Ita tana yi mini dariya in na ce "mi", ni ina yi mata in ta kira mace da "shi". Ita ta fara gane ina da ciki, tun kafin in gaya wa mai cikin. Ta hango ni ta katanga ina tofar da miyau a bayan kicin, ta ce, "Malama, gobe ki same ni a asibiti." Tun daga nan ita ke yi mini awo. Takan ɗora ɗan mazurarin nan na ƙarfe a cikina, ta manna kunne, ta rufe ido tana saurare, ni kuma in kalli silin saboda kunya.

Da na kawo mata zancen tafiya ta ce wata biyar lokaci ne mai kyau, laulayi ya wuce, nauyi bai zo ba. Ita ta karɓo mini takardar likita, ta ba ni maganin ƙarin jini, ta ce in riƙa tashi ina takawa a cikin jirgi kar ƙafafuna su kumbura.

Ana jibi za mu tashi ta shigo da kwali ɗaure da igiyar rama. Ɗiyarta ta fari tana karatun aikin jinya a wani gari arewa da Landan, tafiyar awa uku a jirgin ƙasa, shekara biyu ke nan ba ta zo gida ba. Sista ta kwance kwalin ta nuna mini komai: acca, daddawa, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, da bandar kifi da ta aika aka sayo mata a bakin gulbi a Wamakko. Sai rigar sanyi ruwan toka wadda ta saƙa da hannunta. Na sha ganinta a baranda da yamma, cikin zafin Sakkwato, ulu a cinyarta, gumi na zuba. A saman rigar ta ɗora wasiƙa.

"Ki duba mini ita da kyau," ta ce. "Wasiƙunta sun yi gajarta kwanan nan. Kullum lafiya lau, lafiya lau, shi ke nan."

Na ce in Allah ya so hannu da hannu zan ba ta.

A Kano muka kwana, gidan wani abokin maigidana, domin daga can jirgin Landan ke tashi. Na buɗe akwati zan ɗauko mayafi, sai warin daddawa da kifi ya bugo. Ya kama leshina da atamfofin da na ɗinka musamman don tafiyar. Matar gidan tana tsaye a kaina. Ta je Landan sau biyu, kuma ba ta bari a manta.

"Da wannan za ki shiga jirgi?" ta ce. "Kwastan ɗinsu a gaban kowa suke buɗe kaya. Za ki ga Bature ya toshe hanci yana ɗaga kifi da yatsa biyu."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ciki ne ya sa na kasa jure warin. Ba ciki ba ne. Daddawa ce da nake ci a miya kullum. Ban so a kalle ni a matsayin baƙauyiya ba, daga matar nan har Baturen da ban ma gani ba tukuna. Na kwashe kayan abincin duka na ba ta, na ce ta sa a kicin. Na bar rigar sanyin da wasiƙar a akwatin. Da yamma aka kawo mana tuwo da miyar kuka, da kifin a ciki. Maigidana ya ci ya ƙara, ya ce rabonsa da kifi mai daɗi haka tun na Wamakko.

Landan ta burge ni, ba zan ce a'a ba. Mun sauka a wani ƙaramin otal kusa da wani fili mai ciyawa da agwagi. Lokacin zafinsu ne, amma ni da rigar sanyina nake yawo. Rana ba ta faɗuwa sai can, har lissafin magariba da isha'i ya rikice mini, sai maigidana ya rubuta mini lokutan a takarda. Na tsaya minti biyar a gindin tsanin nan mai tafiya da kansa kafin in yarda in taka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda cikin da a gida kowa ke kau da kai daga gare shi ya zama abin magana a can. A bas, dattijo zai tashi ya ba ni kujera. A kanti, mace za ta tambaye ni yaushe zan haihu, a gaban mijina, tana murmushi. Shi ya amsa mata, ni in sunkuyar da kai ina gyara mayafi.

Abincinsu ne ya gagare ni. Dankali dafaffe ba yaji, ba mai. Kwaɗayin tsami ya taso mini, na koma yanka lemun tsami ina ci da gishiri a ɗaki. Ƙafafuna suka kumbura duk da takawar da na yi, har muka sayi silifa na maza. A saman bas mai hawa biyu ne na ji motsi mai ƙarfi na farko, irin wanda ake gani ta saman riga. Na kama hannun maigidana na ɗora a wurin, abin da ba zan taɓa yi a Sakkwato ba.

A kwana na huɗu ya buga waya gidan kwanan ɗaliban, aka kira masa ɗiyar Sista. Suka yi magana, suka tsayar da Asabar. Ta ce za ta nemi a canja mata ranar aiki, za ta jira mu a tashar jirgin ƙasa. Da ya dawo ɗaki ya ce muryarta sak ta uwar, kuma sau uku tana tambaya ko da gaske daga Sakkwato muke.

Shi bai san kwalin ya ragu ba. Ni kuma tun daga Kano nake tunanin ko Sista ta lissafa kayan a wasiƙa. Ran Juma'a, da ya tafi masallaci, na buɗe ta. Da Hausa ta rubuta, da 'yan kalmomin yarensu nan da can. Ta lissafa komai. Ta gaya mata yadda za ta wanke accar don tsakuwa, ta ce kifin irin wanda take so ne, ta ci kaɗan-kaɗan ya kai ta lokacin sanyi. Can ƙasa ta ce: "Wadda ta kawo miki wannan maƙwabciyata ce, ki ɗauke ta kamar yayarki. Abin da kika kasa rubuto mini, ki gaya mata, za ta kawo mini."

Na ninke wasiƙar, na zauna a bakin gado. Na san abin da ya dace: in je, in ce na bar kayan a Kano saboda wauta, in ba ta haƙuri. Yarinya ce, da ta yi dariya ma wataƙila. Amma na kasa hango kaina ina faɗin haka, musamman a gaban maigidana da ya yabi miyar.

Ran Asabar da safe yana ɗaura agogo na ce masa bayana na ciwo. Ya ce ko mu jinkirta zuwa jirgin hantsi. Sai na ce, "Kuma tun jiya ban ji motsi ba."

Ina faɗa ɗiyar da ke cikina tana harbina a ƙarƙashin haƙarƙari. Wannan ita ce maganar da har yau ba na son tunawa. Na ga fuskarsa ta canja, ya kasa sa maɓallin hannun riga. Ya sauka da gudu ya tsayar da tasi, muka tafi asibiti. Duk hanya yana riƙe da gwiwata yana karanta addu'a a hankali. Wata nas ta kwantar da ni, ta saurara, ta kira likita shi ma ya saurara, suka ce lafiya ƙalau, zuciya na bugawa daidai, in dai huta. Maigidana ya zauna a benci ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya natsu ya nemi waya ya buga gidan ɗaliban, aka ce ɗiyar Sista ta fita tun da sassafe. Ya bar saƙo.

Bayan azahar na ce na ji sauƙi, kuma ai an ce tafiya na da amfani. Muka shiga wani babban kanti muka sayi keken jarirai, da shawul, da kwalaben madara, da 'yan riguna farare.

Ya sake kawo zancen zuwa sau biyu. Da farko tana aiki, na biyu kuma na ce tafiyar awa uku ta yi mini yawa bayan abin da ya faru, shi ma bai matsa ba. Ana gobe za mu dawo na sa wasiƙar a sabon ambulan, na haɗa da rigar, muka kai gidan waya. Ban ƙara ko layi ɗaya da hannuna ba.

Mun dawo muka iske damina ta kankama, gero ya yi kai a hanyar Kalambaina. Washegari da safe, maigidana ya fita aiki, Sista ta shigo da farin kayanta za ta wuce asibiti. Ta duba ƙafafuna, ta ja fatar idona, ta ce jini ya yi kyau. Na ba ta tsarabarta, jaka da laima. Ta yi godiya, ta ajiye su a gefe ba ta ko buɗe jakar ba.

"Kin gan ta?"

Ta tsaya tana kallon bakina, hannunta ɗaya a ƙirji. Na ce, "Na gan ta."

"Yaya take?"

"Lafiya lau. Ta yi ƙiba, ta yi haske."

"Ta yi ƙiba?" Ta zauna a hannun kujera. "Ita da ba ta cin abinci. Ta ji daɗin kifin?"

Na ce ta ji daɗi ƙwarai. Ta tambayi ɗakinta, na ce ƙarami ne amma da tsabta. Ta tambaya ko tana da ƙawaye, na ce tana da su. Kowace tambaya na samo mata amsa, har na ji ina mamakin kaina. Ta share ido da bayan hannu, ta ce Allah ya saka, Allah ya sauke ni lafiya, ta fita tana cewa yau za ta yi aiki da ƙarfi.

Kwana biyu bayan haka ta tare maigidana a ƙofar gida ta yi masa godiyar wahalar da muka sha zuwa garin. Ya amsa mata da "ba komai", ya shigo. Bai cire takalmi ba ya tsaya a tsakar falo.

"Mi kinka ce wa Sista?"

Na gaya masa duka, har da Kano. Na Asabar ne kawai na riƙe, amma ina jin ya gane, domin ya daɗe yana kallon cikina.

"Yanzu ni ma kin sa ni ciki," ya ce. "Ki tashi ki je ki gaya mata."

Na ce gobe. Goben ta zama mako, ta zama wata. Bai sake tayar da zancen ba, sai dai ya daina tsayawa hira da mijin Sista a baranda. Ni kuma na koma shanya a ɗaya gefen gidan don kar mu haɗu ta katanga. Ranar awo ce ba ni da yadda zan yi. In kwanta, ta ɗora mazurarinta, ta rufe ido. Ba abin da ya canja a hannunta ko a muryarta. Na lura dai ta daina yi mini zancen ɗiyarta, na ɗauka ta samu natsuwa ne. Da cikina ya shiga wata bakwai aka zo aka ɗauke ni zuwa Ƙofar Atiku goyon ciki, na ji kamar an sauke mini kaya.

Naƙuda ta fara mini da asuba, ran wata Talata. Inna da gwaggona suka so in haihu a gida, amma da hantsi ya yi ba labari, maigidana ya zo da mota aka kai ni asibiti. Sista ta gama aikinta tana shirin tafiya gida, har ta ɗauki jaka. Ta gan ni, ta ajiye jakar, ta wanke hannu.

Na sha wuya. Ba na tuna komai daki-daki, sai muryarta a kunnena tana cewa, "Malama, ki ji ni. Kar ki yi nishi yanzu. Yanzu ki yi." Da kan ya fito sai ta ce in tsaya cak, na ji yatsunta suna aiki da sauri. Cibiya ce ta naɗe wuyan. Ta warware, ɗiyar ta fito shiru, jikinta ya yi duhu. Sista ta juya mini baya da ita, tana murza ta, tana share mata baki, tana yi mata magana da yarensu. Sai can kuka ya tashi. Ta naɗe ta ta ɗora mini a ƙirji, ta ce, "Ga mai harbinki nan." La'asar ta wuce kafin ta tafi gida.

Kwana huɗu da haihuwa ta zo barka Ƙofar Atiku, da sabulu da zanen goyo. Na fito daga wankan jego ke nan, jikina na tururi, ga kunun kanwa a gabana. Mata 'yan barka sun ragu, Inna ta fita tsakar gida. Sista ta kwance cibiyar jaririyar tana dubawa. Ina kallon tsakiyar kanta, inda furfura ta fara, na ce:

"Sista, ban je ba. Ban gan ta ba."

Ba ta ɗago ba sai da ta gama ɗaure cibiyar.

"Na sani," ta ce. "Mako uku da dawowarku wasiƙarta ta zo."

Na fara bayani, Kano, kwastan, ciwon baya. Ta bar ni na gama. Sannan ta gaya mini abin da ke cikin wasiƙar. Yarinyar ta tsaya a tasha tun safe har jirgi na biyar ya zo ya wuce. Ta dafa mana shinkafa a kicin ɗin ɗalibai, ta ari faranti. Kuma ba ta yi ƙiba ba. Tun lokacin sanyi take fama da ciwon ƙirji, ta kwanta asibiti, ta rasa jarrabawa ɗaya, duk ba ta rubuto ba don kar hankalin uwarta ya tashi. Ta yi niyyar gaya mini.

"Kifi ba komai ba ne, Malama," Sista ta ce. "Ido na roƙe ki ki ara mini. Mako ukun nan da na yi ina murna, ina gaya wa mutane a coci ta yi ƙiba, su ne suka fi yi mini ciwo."

Na tambaye ta me ya sa ba ta yi mini magana ba tun lokacin.

"Da ciki wata bakwai? Jininki ya hau, wa zai sha wahala? Ni ce dai."

Ta miƙo mini jaririyar ta ce in ba ta nono, ta gyara mini riƙon, ta ce in riƙa tallafe kan haka. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, ta tashi ta yi wa Inna sallama.

Ashe Inna na bakin ƙofa, ta ji komai. Ta raka Sista har zaure, abin da ba ta yi wa baƙi. Da ta dawo ta ɗauki kwanon kunun ta taɓa, ta ce ya huce, ta juye a tukunya.

"Matar ga da ta tsaya kanki," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Ita kinka yi wa haka."

Ba ta sake cewa komai ba a kai, har ta rasu.

Bayan arba'in na koma gidana. Muka ci gaba da gaisawa da Sista ta katanga, tana karɓar ɗiyata in zan shiga wanka, tana aiko mana da cincin ran Kirsimeti, ina aika mata da nama ran layya. Amma ba ta sake ba ni saƙo ba, ko na kasuwa.

Ɗiyata na tafiya da ƙafarta lokacin da mijin Sista ya yi ritaya suka shirya komawa gida. Ɗiyarsu ta gama karatu ta dawo, ta zo taya su haɗa kaya. Na shiga in yi musu sallama na iske ta a falo tana naɗe kofuna da jarida. 'Yar siririya ce, gajeriya, da tabarau. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Ke ce Malama." Na ce ni ce. Ta ɗauki ɗiyata ta ɗora a cinya, ta ba ta cokali tana wasa da shi.

Na shirya maganar da zan yi mata tun kwana uku, amma uwarta na kai da kawowa, masu loda mota na shiga suna fita. Ta tambaye ni ko Landan ta yi mini daɗi. Na duba fuskarta, ban ga komai ba sai tambaya. Na ce ta yi. Ta ce ita sau biyu kawai ta je, tsada ta yi yawa. Sai aka kira ta daga waje a kan wata katifa da ta ƙi shiga mota, ta sauke ɗiyata ta fita. Na zauna na ƙarasa naɗe mata kofunan.